Rabin Minti a Gaban Masu Ɗaukar Aiki

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma masana halayyar ɗan Adam sun jarraba wannan magana. A shekarar 1993, Nalini Ambady da Robert Rosenthal na Jami'ar Harvard a Amurka sun nuna wa waɗansu mutane bidiyon malamai suna koyarwa, na daƙiƙa 30 kacal, ba tare da sauti ba. Hukuncin da masu kallon suka yanke game da himmar kowane malami ya zo kusa da ra'ayin ɗaliban da suka yi zango guda a ajinsa.

Darasin da ke nan ga mai neman aiki shi ne, ranar intabiyu zamansa da fuskarsa suna ba da shaida tun kafin ya amsa tambayar farko. Sunkuyar da kai ladabi ne a tarbiyyarmu, amma mai tambaya yana iya ɗaukarsa rashin sha'awa. Saboda haka ɗalibi ya gaisa cikin ladabi, sa'an nan ya ɗaga kai ya saki fuska.

Sai dai fara'ar aro ba ta jure tambayoyi. Wanda ya binciki aikin ma'aikatar tun daga gida, ya tanadi tambayar da shi ma zai yi, sha'awarsa za ta bayyana da kanta.