Ƙasusuwa 206 da Malamin Ƙwadago: Ƙofar da 'Ya'yanmu Ke Bi Kafin Su Zama Nas a Amurka

A Nima da Mamobi da Aboabo akwai gidaje da dama da in ka tambayi labarin wance da ke New York, amsar da za a ba ka ita ce, "Ai tana karatun nas." Sai a yi hamdala a wuce. Abin da mutanen gida ba su cika sani ba shi ne, kafin ma a karɓi yarinya a sashen koyon aikin jinya, akwai wani darasi da dole sai ta tsallake shi, wato ilimin tsarin jikin ɗan Adam da yadda gaɓoɓinsa ke aiki, wanda 'yan boko ke kira anatomi. Shi kuwa mai koyar da darasin nan, sau da yawa malamin ƙwadago ne, wanda ake ɗauka wata huɗu-huɗu, shi kansa bai san ko zai sake samun aji a zango na gaba ba.

Yawancin 'ya'yanmu a can ba jami'a suke fara shiga ba. Suna farawa ne daga abin da Amurkawa ke kira kwalejin al'umma, makarantar gwamnati ta shekara biyu wadda ke karɓar kusan duk wanda ya gama sakandare. Ta farko irinta an buɗe ta a garin Joliet na jihar Illinois a 1901, yau kuwa akwai kimanin dubu a faɗin ƙasar. A unguwar Bronx, inda 'yan Gana suka yi yawa, akwai guda biyu: kwalejin Bronx da aka kafa a 1957, da kwalejin Hostos da aka kafa a 1968, dukansu ƙarƙashin jami'ar birnin, wato CUNY. An daɗe ana biyan dala 4,800 a shekara ga mazaunin birnin, abin da bai kai ko kusa da kuɗin jami'o'in 'yan kasuwa ba. Ana kuma yin aji da dare da ƙarshen mako, shi ya sa mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu ko direban tasi ke iya shiga.

Darasin anatomi kashi biyu ne, zango biyu na karatu, kowanne da lacca da kuma aikin ɗakin gwaji. A kashin farko ɗalibi zai haddace ƙasusuwa 206 na jikin baligi, kowanne da sunansa na Latin ko Girkanci, da tudu da rami da ƙofar da ke jikinsa. Hannu ɗaya kaɗai, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, ƙashi 27 ne. Sai manyan tsokoki daga cikin sama da 600, inda kowacce ta faro da inda ta maƙale da aikin da take yi. Sai jijiyoyi 12 masu fitowa biyu-biyu daga ƙwaƙwalwa. Kashi na biyu ya ƙunshi zuciya da jini da huhu da ƙoda da hanji da gaɓoɓin haihuwa. Ranar jarrabawar ɗakin gwaji kuwa, ana jera tebura, kowanne da ƙashi ko gunkin roba an soka masa allura a wani wuri. Minti ɗaya ko biyu gare ka ka rubuta sunan wurin, sai a ce a matsa gaba. Kujerun sashen jinya ba su da yawa, don haka cin darasin da ƙyar ba ya isa. Wasu kwalejojin ma ba sa barin a maimaita shi fiye da sau ɗaya.

To, wane ne ke tsaye a gaban allo? Fiye da rabin malaman kwalejojin al'umma a Amurka na wucin gadi ne. Abin da aka fi nema a wurinsu shi ne digiri na biyu a fannin. Cikinsu akwai masu gashin ƙashi na asibiti, da ɗaliban digirin dakta, da ma'aikatan lafiya da suka yi ritaya, da kuma likitocin da suka yi karatu a wasu ƙasashe amma ba su kammala jarrabawar USMLE da horon asibiti da Amurka ke buƙata kafin ta ba su lasisi ba. Ilimi dai suna da shi.

Matsalar tana wajen yadda ake ɗaukarsu. Ana biyansu ne kan kowane darasi, ba albashin wata ba. A CUNY, bayan doguwar gwagwarmayar ƙungiyar malamai, mafi ƙarancin kuɗin darasi guda mai awa uku a mako ya kai dala 5,500 a 2022, kuma wannan yana cikin masu gwaɓi, domin a jihohi da yawa bai kai haka ba. In ka juya shi zuwa sidi sai ka ce ai wannan attajiri ne. Amma kuɗin wata huɗu ne, a garin da hayar ɗaki ke lashe rabin abin da mutum ya samu. Wani rahoto da Tarayyar Malaman Amurka ta fitar a 2020 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na irin waɗannan malamai suna dogara da tallafin gwamnati. Idan ɗalibai ba su cika aji ba, ana iya soke shi ana saura 'yan kwanaki a fara, malami ya tashi a tutar babu. Da dokar inshorar lafiya ta zamanin Obama ta tilasta wa manyan ma'aikatu su yi wa mai aikin awa 30 a mako inshora, wasu kwalejojin sai suka rage wa malaman ƙwadago awoyi don kada su kai wannan adadi. Shi ya sa za ka ga mutum guda yana koyarwa a kwaleji biyu ko uku, safe nan, dare can.

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san cewa rabin karatu bayan an tashi aji ake yinsa, lokacin da yaron da ya ji kunyar ɗaga hannu zai biyo ka ya ce, "Malam, ban gane ba." Malamin da ba shi da ofis, kuma jirgin ƙasa na jiransa zuwa wata makarantar, ina ya ga wannan lokaci? Wanda abin ke faɗawa a kansa ita ce ɗalibar da ta kwana tana juya tsohuwa a gado, ta zo aji ido jawur, tana fama da Turanci ga kuma Latin a kai.

Ɗalibi Musulmi yana da nasa tambayoyin. Kwalejojin al'umma da yawa ba su da gawar mutum, sai gumakan roba da manhajar kwamfuta da sassan dabbobi: zuciyar tunkiya da ƙwaƙwalwarta, idon saniya, wani wurin kuma ɗan tayin alade. Wannan na ƙarshe kan tayar wa yaranmu hankali. Da safar hannu ake aikin, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, gara ya tambayi malaminsa na addini tun kafin a fara zango, ya kuma gaya wa malamin aji da wuri ko za a sama masa wata hanya. Game da gawar mutum, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a 1987 ta halatta fiɗa don koyon likitanci, bisa sharuɗɗa, ciki har da tsayawa iya buƙata da binne abin da ya saura. Kada kuma yaro ya ɗauka ilimin baƙo ne a gidanmu. Ibn Nafis, likitan da ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ne ya bayyana cewa jini daga ɓangaren dama na zuciya yake bi ta huhu kafin ya dawo hagu, ƙarni uku kafin Turawa su tabbatar da haka.

Yaron Zango ma ba da hannu wofi yake shiga ajin ba. Wanda ya riƙe ƙafar rago ranar Layya ya ga hanta da saifa da matsarmama da idonsa, ya san yadda huhu ke kumbura in an hura shi, alhali abokin zamansa a leda kawai ya san nama. Inda ake samun tuntuɓe shi ne harshe. Mu kalmar "jijiya" guda ce, amma a ajin nan abu huɗu ne daban: mai kai jini daga zuciya, mai dawo da shi, mai ɗaukar saƙon ƙwaƙwalwa, da mai ɗaure tsoka da ƙashi. Wanda bai rarrabe su tun makon farko ba zai sha wuya.

Shawarata ga ɗalibanmu a can ita ce su nemi lambar saƙon malami tun ranar farko, su tambayi lokacin da ake samunsa, su san inda cibiyar ƙarin darasi ta kwaleji take, domin kyauta ce. Su haɗa kai uku ko huɗu su riƙa yi wa juna tambaya, kamar yadda ake tilawa a makarantar allo. Kada kuma su haɗa anatomi da wani darasi mai nauyi a zango guda saboda gaggawa.

Mu kuma na gida da sauran aiki a kanmu. Duk awar da yarinya ta ƙara a wurin aiki don ta turo kuɗin suna ko na biki, daga lokacin karatunta aka cire ta. In ta faɗi darasin nan sau biyu, ƙofar na iya rufewa, ta ci gaba da aikin ƙaramin albashi shekara da shekaru. In ta ce maka bana tana anatomi, ka ɗaga mata ƙafa wata takwas ɗin nan, ka bi ta da addu'a. Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya kuma saka wa malamansu da alheri.