'Yan'uwanmu Da Suka Yi Gabas

Ni mutumin Tambuwal ne, amma kakata ta wajen uwa a Kebbe take. Duk lokacin da na je hutu takan yi addu'a ga "waɗanda suka yi gabas". Da na tambaye ta su wane ne, sai ta ce ƙanen kakanta ne da iyalinsa, sun bi Sarkin Musulmi zamanin zuwan Nasara, ba a sāke jin ɗuriyarsu ba. Wannan shi ya sa na bincika, ga kuma abin da na samo domin 'yan'uwana ɗalibai.

A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya ɗauki hanyar Makka. Manoma suka bar gonaki, malamai suka ɗaure littattafai, aka bi shi. Turawa suka tarar da su a Burmi, cikin ƙasar Gombe, aka gwabza ran 27 ga Yuli, Sarki ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har Sudan. Suka zauna a bakin kogin Nilu, kudu da Sinnar, garin kuwa har yau sunansa Mai Wurno.

Mu mutanen Tambuwal abin ya shafe mu, domin Muhammadu Buhari da ya riƙe garinmu ɗan Shehu Usmanu ne, Attahiru kuwa jikan Atiku ɗan Shehu ne. Ashe gida ɗaya ne ya rabu biyu.

Mutanen Sudan suna kiran Hausawa da Fulanin da suka zauna can Fallata. Da guminsu aka noma audugar Jazira bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925. Daga cikin zuriyar irin waɗannan baƙi aka sami A'isha Fallatiya, wadda ta rasu a 1974, tana cikin matan farko da suka yi waƙa a rediyon Omdurman. Duk da haka sun daɗe suna shan gorin baƙunci, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya sāke tayar da wasunsu daga gidajensu.

Ba mu kaɗai irin wannan ta sama ba. A 1878 daular Ostiriya da Hangari ta karɓe Bosniya daga hannun Turkawa, sai Musulmi da yawa suka ƙaura zuwa Turkiyya da Falasɗinu, inda ake kiran jikokinsu Bushnak. Yaƙin 1992 zuwa 1995 ya sāke watsa su, dubbai suka zauna a birnin St. Louis na Amurka. Shahararren ɗan ƙwallon nan Zlatan Ibrahimovic, wanda aka haifa a Suwidin a 1981, ubansa mutumin Bosniya ne.

Abin lura shi ne, ba wanda ke barin gidan ubansa don marmari. Saboda haka in mun ga baƙo ya sauka a kasuwar Tambuwal da ɗan ƙunshinsa, kada mu yi masa gori. Mu tuna namu ma suna can suna cin arzikin wasu. Allah ya sada mu da su da alheri, amin.