Kiɗa da ado a wurin sana'a: riba ce ko ɓata lokaci?

A ƙasashen Turai yanzu akwai kamfanonin da ke biyan kuɗi domin a rataya zane a ofisoshinsu, ko a kawo makaɗa su yi wa ma'aikata wasa. Dalilinsu shi ne wanda ransa ke sake ya fi yin aiki. Mu ƴan kasuwa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, sai dai mun fara mance yadda ake yinsa.

Tun kaka da kakanni kalangu na mahauta ne. Da an ji shi an san an yi yanka, kuma mahaucin da ake wa kirari hannunsa ba ya sanyi. Manoma suna da gangar noma ranar gayya, mata kuwa suna da lugude: su biyu ko uku a turmi guda, taɓarya na faɗawa bi da bi, kafin a ankara hatsi ya daku. Duk waɗannan kiɗan an auna su ne daidai da motsin aikin, shi ya sa suke rage gajiya.

Turawan Ingila ma sun gano haka lokacin yaƙin duniya na biyu. A shekarar 1940 rediyon BBC ya buɗe wani shiri na kiɗa domin ma'aikatan masana'antu, rabin awa da safe, rabin awa da rana, kuma bai tsaya ba sai a 1967. An zaɓi kiɗa mai tafiya daidai, ba mai hawa da sauka ba. Har akwai waƙar da aka hana sawa, saboda ma'aikata suna sakin aiki suna tafi.

To mu duba abin da ke faruwa yau a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko ta Yamai. Mai saida waya ya kafa lasifika, na kusa da shi ya kafa wadda ta fi ta ƙara, mai magani yana nasa talla da ta uku. Baiwar Allah mai saida tumatir a tsakiyarsu tun safe har magariba, ta koma gida da ciwon kai. Ciniki kuwa magana ce. In mai saye ya ce jika biyu kika ji jika uku, rigima ta tashi. In ya gaji da ɗaga murya sai ya yi gaba. Likitoci sun ce ƙarar da ta kai awon desibel 85, in ana zama cikinta awa 8 kullum, tana lalata ji sannu a hankali. Gane ta ba wuya: in sai ka yi ihu sannan wanda ke gabanka ya ji, to an kai wurin. A ganinmu sarakunan kasuwa da shugabannin layi suna iya sasanta wannan ba tare da an kai ga hukuma ba.

Sai batun ado. Attajiran da suka gina gidajen unguwar Birni a Damagaram sun sa magina sun yi musu zane a fuskar bango, domin mai wucewa ya san gidan wane ne. Rumfa ma haka take. Yawancin masu saye ba su karanta rubutun boko, amma kowa yana gane hoton keken ɗinki, ko kifi, ko kan da aka yi wa aski. Wadda ta sa mai zane ya yi mata alama, ana iya aiko yaro ya same ta ba tare da tambaya ba. Ko ba fenti, jera kaya ma gwaninta ce: dubi yadda masu atamfa ke haɗa launi da launi, ko yadda masu kayan miya ke kasa tattasai ja kusa da kuɓewa. Galibi gaban irin wannan rumfa mai saye ke fara tsayawa ya tambayi kuɗi.