Sauya Kujerar Bayan Mota Da Ta Wata Mota: Abin Da Ya Kamata A Duba Kafin A Kwance Noti

Duk wanda ya tsaya a tashar Kwangila ko bakin Ƙofar Doka ya leƙa cikin motocin da ke lodi zuwa Kano, Kaduna ko Funtuwa, zai lura cewa da yawa daga cikin kujerun bayansu ba waɗanda suka fito da su daga kamfani ba ne. Wata Sharon ɗin kujerun Galaxy ne a cikinta, wata kuma an cire na asali an ƙera mata benci a wurin mai walda. A cikin birni ma haka abin yake. Magidanci ya sayi mota 'yar Beljiyam, bayan 'yan shekaru soson kujera ya zauna, fata ta yage, sai ya ga hoton wata kujera mai sheƙi a Facebook ko Jiji ya ce a kawo.

Wani lokaci a dace, wani lokaci a yi asarar kuɗi, wani lokaci kuma asarar ta wuce ta kuɗi. Kujerar baya ita ce wurin zaman yara, mata da tsofaffi, kuma tana cikin kayan da ke kare rai idan hatsari ya faru. Wayar da ke hannun mutum za ta iya raba masa gardama tun kafin ya biya ko sisi, in dai ya san abin da zai duba.

Me ya sa wasu kujerun ke shiga daidai?

Kamfanonin mota ba sa ƙera kowace mota daga tushe. Sukan zana ƙashin gini ɗaya, wato daben mota da wuraren ɗaure inji, tayoyi da kujeru, sannan su ɗora masa bodi da sunaye daban-daban. Motocin da suka haɗa ƙashin gini su ne ake sa ran kujerunsu za su shiga juna.

Misali mafi kusa ga mutanen Zariya shi ne Volkswagen Sharan, wadda direbobi ke kira Sharon. Ita da Ford Galaxy sun fito a 1995, Seat Alhambra ta biyo su a 1996, kuma duka ukun a masana'anta ɗaya ake haɗa su, wato AutoEuropa da ke Palmela a ƙasar Fotugal. Kujerun bayansu ɗai-ɗai ne, kowace tana maƙalewa a ƙarafan da ke dabe, ana cire ta ta hanyar jan hannun da ke jikinta ba tare da sifana ba. Shi ya sa 'yan tasha ke musanya su hankali kwance. Amma akwai iyaka. A 2006 Ford ta fito da sabuwar Galaxy a kan nata ƙashin ginin, ita kuma Sharan ta sauya gaba ɗaya a 2010. Kujerar Galaxy ta 2008 ba 'yar gidan Sharan ta 2003 ba ce, duk da cewa sunan bai canza ba.

Haka Golf 3 da Vento gida ɗaya suka fito. Golf 4, Bora, Audi A3 ta farko da Skoda Octavia ta farko su ma dangi ne. Toyota Matrix da Pontiac Vibe tagwaye ne da aka yi wa kwalliya daban. Sai dai zama dangi alama ce kawai ta cewa akwai yiwuwa. Mota mai but a rufe, da wagon, da mai ƙofa uku sukan bambanta wajen faɗin kujera da inda makullin jingina yake, ko da ƙashin gininsu ɗaya ne.

Akwai kuma tarkon suna. Honda Accord ta Amurka ta 2003, wadda ake wa laƙabi da EOD, mota ce daban da Accord ta Turai ta wannan shekarar, wadda ta fi ta ƙanƙanta. Corolla ta Amurka da ta Turai na farkon shekarun 2000 ma bodinsu ba ɗaya ba ne. Idan mai sayarwa ya ce "ai duk Accord ce", bai ba da amsa ba tukuna.

Aikin da waya za ta yi

Abu na farko shi ne lambar shasi. Tun 1981 motoci ke ɗauke da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, kuma babu harafin I, O ko Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0. Ana samunta a ƙasan gilashin gaba, a jikin ginshiƙin ƙofa, ko a takardun mota. Haruffa ukun farko suna nuna kamfani: WVW na Volkswagen ne, WF0 na Ford ta Jamus, VSS na Seat, VF3 na Peugeot. Akwai shafukan intanet na kyauta da ke fassara wannan lamba, su fitar da samfurin mota da shekararta ta gaskiya, wadda wani lokaci ta saɓa wa abin da dillali ya faɗa.

Na biyu, lambar kayan gyara. Ƙarfen kujera da bel sukan zo da takarda ko tambari mai lamba. A motocin Volkswagen farkon lambar yana nuna gidan da kayan ya fito: 1H na Golf 3 ne, 1J na Golf 4, 7M kuma na dangin Sharan ta farko. Kafin a tura kuɗi zuwa Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, sai a nemi mai kaya ya turo hoton wannan lambar ta WhatsApp.

Na uku, hoton ƙarƙashin kujera. Masu talla sun fi son nuna fata da ɗinki, alhali abin da ke yanke hukunci yana ƙasa. A nemi hoton ƙafafu, ramukan noti, ƙugiyoyi da duk wata waya da ke rataye, tare da tef na awo a shimfiɗe a kansu. Manhajojin awo da kyamara, irin Measure ta iPhone, suna da amfani wajen kintatar faɗin kujera, amma kuskurensu kan kai santimita ɗaya ko fiye. Ramin noti kuwa ko 'yan milimita ya kauce ba zai shiga ba, don haka tef na hannu ne abin dogaro.

Ma'aunan da ake buƙata su ne:

- tazarar da ke tsakanin ramukan noti, gaba da baya da kuma hagu da dama
- faɗin wurin zama tsakanin tudun tayoyin baya biyu
- tsayi daga kan kujera zuwa rufi, don kada kan babban mutum ya riƙa bugun sama
- inda makullin jingina yake, da inda bakin bel ke fitowa

Bel shi ne zuciyar maganar

Kamfanin Volvo ne ya fara sanya bel mai maɗauri uku a 1959, ƙirar injiniya Nils Bohlin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel na iya rage haɗarin mutuwar waɗanda ke cikin mota har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Amma bel yana aiki ne kawai idan ya bi ta inda aka tsara, wato tsakiyar kafaɗa da kan ƙashin ƙugu. Idan sabuwar kujera ta fi ta asali tsayi ko gajarta, bel ɗin da ke ɗaure a jikin bodi zai koma kan wuya ko kan ciki. A hatsari, bel ɗin da ke kan ciki yana iya illata hanji da hanta.

Lissafin ƙarfin da ke cikin karo yana da ban tsoro. Motar da ta daki bango a gudun kilomita 50 cikin awa, daidai take da wadda ta faɗo daga tsayin kusan mita 10. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 17, wadda motocin Turai ke bi, ta buƙaci kujera da maɗaurinta su jure tsayawar da ta ninka nauyinsu sau 20. Ke nan kujera mai kilo 20 takan fizgi notinta kamar kilo 400, mutum mai kilo 70 kuma ya zama kamar kilo 1,400. Ƙa'ida mai lamba 14 ta tanadi a ja bel ɗin kafaɗa da na ƙugu kowanne da ƙarfin da ya kai kusan kilo 1,350 yayin gwaji, ba tare da maɗaurin ya tsinke ba.

Wannan ne dalilin da ya sa kamfani ke ƙara kaurin ƙarfe a daidai inda notin kujera da na bel ke shiga. Sauran daben motar falle ne siriri. Idan aka huda sabon rami a wurin da ba a ƙarfafa ba, kujerar za ta zauna daram a tafiyar yau da kullum, amma a ranar karo notin zai yage daben kamar takarda, kujera da fasinjojinta su afka wa na gaba. Su ma notocin ba a musanya su da na kasuwa barkatai. A kan kowanne akwai lambar ƙarfi, kamar 8.8 ko 10.9, kuma notin bel a motoci da yawa zarensa na inci ne, 7/16, ko da sauran motar duk na milimita ne. Tilasta masa noti mai kama da shi yana cinye zaren ramin.

Iyaye masu amfani da kujerar jarirai su duba ƙarafan ISOFIX, tsarin da ya fara fitowa a Golf 4 a 1997. Ƙarafa biyu ne masu tazarar santimita 28 a tsakanin wurin zama da jingina. A wasu motocin a jikin bodi suke, a wasu kuma a jikin kujera, don haka sauyi yana iya rufe su ko ya raba motar da su gaba ɗaya.

Abubuwan da ke ɓoye a ƙarƙashi

A yawancin ƙananan motoci tankin mai yana ƙarƙashin kujerar baya ne, kuma murfin famfon mai yana nan da zarar an ɗaga soso. Bututun mai da na birki su ma ta ƙarƙashin dabe suke bi. Huda ko walda a wannan wurin ba tare da an leƙa ƙasa ba na iya jawo gobara nan take, ko yoyon da ba za a gani ba sai daga baya.

Motocin zamani sun ƙara da wayoyi. Wasu suna da jakar iska a gefen jingina, wasu na'urar da ke ɗame bel a lokacin karo, wasu kuma na'urar gane ko an ɗaura bel. Mahaɗin wayar jakar iska galibi launin rawaya ne. Ba a taɓa shi sai an cire kan batir an jira 'yan mintuna. Idan aka sa kujerar da ba ta da waɗannan kayan, fitilar jakar iska za ta kunnu a gaban direba, kuma a wasu motocin hakan na nufin tsarin ba zai yi aiki yadda ya kamata ba. Cire ƙwan fitilar ɓoye ciwo ne. Ƙaramar na'urar OBD2 mai Bluetooth da ake haɗawa da waya tana karanta matsalolin inji, amma masu arha da yawa ba sa shiga kwamfutar jakar iska, sai an je wurin mai babbar na'ura.

Motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin Toyota Prius, batirinsu yana kusa da kujerar baya, kuma akwai ƙofar iskar da ke sanyaya shi a gefenta. Kujerar da ta toshe wannan ƙofa za ta dafa batirin da ya fi ta tsada nesa ba kusa ba. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, motoci da yawa sun koma gas na CNG, wanda tukunyarsa ke zama a but da matsin da ya kai ba 200. Jinginar baya ita ce katangar da ke tsakanin fasinja da kayan but, don haka makullinta dole ya kama sosai.

Ƙarin kujera da doka

Maye gurbin kujera daban, ƙara yawan kujeru daban. Kowace mota tana da adadin mutane da nauyin da aka tsara wa birkinta, tayoyinta da sifirin ɗinta. Bencin da aka ƙera don ya ɗauki mutum huɗu a wurin uku yana barin aƙalla mutum ɗaya babu bel. Layin da aka ƙara a but kuma yana zaunar da mutane a sashen da aka tsara ya lotse idan an daki mota ta baya. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana ɗaukar lodin wuce kima da rashin ɗaura bel a matsayin laifi, kuma jami'an KASTLEA a Jihar Kaduna suna duba lafiyar motocin da ke kan titi.

Wace hanya ta fi?

Idan matsalar yagewar fata ce ko zaman soso, mai ɗinkin kujeru ya wadatar. Zai sa sabon soso da sabuwar riga a kan ƙarfen asali, kuma babu abin da ya taɓa bel ko noti. Sai dai a gaya masa idan akwai jakar iska a gefe, domin wurin yana buƙatar ɗinkin da zai buɗe idan ta fashe.

Idan ƙarfen ne ya karye ko ya yi tsatsa, zaɓi na farko shi ne kujerar mota iri ɗaya, shekara ɗaya, bodi ɗaya. Na biyu shi ne ta 'yar uwarta da suka haɗa ƙashin gini, bayan an gwada lambobi da ma'auni. A shinshina soson, a duba ƙasansa, domin warin rima da laka a cikin ƙarfe alama ce ta motar da ambaliya ta ci. Kujerar da aka ciro daga motar da ta yi mummunan hatsari, da bel ɗinta, ba abin saye ba ne.

Bayan an ɗaura, a girgiza kujerar da ƙarfi, a kwantar da jingina a tayar a ji ƙarar kamawar makulli, a fizgi kowane bel a tabbatar yana cijewa, sannan a kunna mota a ga fitilar jakar iska ta kunnu ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. Kujerar da ta buƙaci guduma, sabon rami ko walda kafin ta zauna, ba ta wannan motar ba ce, kuma gara a mayar wa mai ita tun kafin a ɗora yara a kanta.