Faifan Da Kakakin Badujala Ya Yi Wa Jagora

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon faretin yaye ɗalibai a makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda da ke Wudil, ya san wani kakakin tagulla da 'yan badujala ke busawa, wanda ake zuge shi gaba a dawo da shi baya. Sunansa turambon. A wurinmu aikinsa bai wuce raka sawun masu maci ba. Amma a birnin New York na Amurka an taɓa ba shi jagorancin faifai sukutum, har ya sauya kiɗan wata al'umma.

Mai wannan aiki shi ne Eddie Palmieri, makaɗin fiyano, wanda aka haifa a 1936, iyayensa kuwa mutanen tsibirin Puerto Rico ne. A wancan zamani ƙungiyoyin da ake yayi, waɗanda ake kira charanga, da gogen Turawa da sarewa suke tashe. Da Palmieri ya kafa tasa ƙungiyar a 1961, sai ya bar sarewar, ya ajiye gogen, ya sa turambon a gurbinsa. A 1962 kamfanin Alegre ya fitar da faifansu na farko mai sunan ƙungiyar, wato La Perfecta, Ismael Quintana na waƙa, Barry Rogers na busa.

Dabarar tana cikin ƙirar abin busar. Turambon yana da matsaya bakwai a jikin bututun da ake zugewa, saboda haka mabushi na iya jan murya daga wannan zuwa waccan ba tare da yankewa ba, kamar yadda maroƙi ke jan kirari. Rogers ya goge a kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka, sai ya ɗora wannan gurnani bisa gangunan Kuba, waɗanda asalinsu bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka tafi da su. Sarewa na can sama, turambon na amsa mata daga ƙasa, ganga na tsakiya. Bayan shekara uku suka fitar da Azúcar Pa' Ti, wanda ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sanya cikin muryoyin da ƙasar za ta adana. Rogers ya mutu a 1991, Palmieri kuma a Agustan 2025, amma ga busarsu nan ana saurara.

To, mu fa? Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ake busa kakaki a ƙasar nan. Kakaki dai na sarauta ne, ba a fita da shi dandali, kuma haka ya kamata. Amma ga algaita, ga sarewar makiyayan da ke cika kasuwar shanu ta Wudil kowace Juma'a. Mawaƙanmu na yau sun koma ga na'ura, ita ce gangar, ita ce mabusar, alhali tsofaffin mabusa na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da gidajen rediyonmu su nemo waɗannan mutane, a ɗauki busarsu, a haɗa su da samari masu sha'awar koyo. In aka yi sake, ranar da za a neme su sai dai a ji labari.