Ƙurajen Aski Da Yadda A Ke Maganinsu

A ƙasashen Birnin Kudu da Gwaram, da injin aski na lantarki ya yawaita, samari da yawa sun bar askar wanzami sun koma rumfar mai inji. To, da yawansu su kan tashi da ƙuraje a haɓa, da wuya, da ƙeya. Ƙurajen nan iri biyu ne, kowane da maganinsa.

Na fari, na ƙwalƙwal ne. Gashin baƙar fata a murɗe ya ke. Idan inji ya yanke shi daidai da fata, tsininsa ya kan lanƙwaso ya soki fatar kamar ƙaya, sai wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi. Wannan ba a ɗaukarsa daga wani. Maganinsa a bar aski kamar mako 4, a riƙa gasa wurin da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi. In an koma aski, a bar gashi ya ɗan yi saura, a bi yadda ya kwanta, kada a ja fata, kada kuma a yi da bakin inji mai zafi.

Na biyu, na ƙazanta ne. Inji guda ya kan bi kawuna masu yawa a yini, ya kwashi makero daga kan wannan yaro ya kai wa wancan. In ya ƙwarzani fata har jini ya fito, ya na iya ɗaukar ciwon hanta, gama ƙwayarsa ta kan yi kwana 7 da rai a busasshen jini. Shafa kananzir ko fetur ba ya kashe ta. Sai an goge gashi da buroshi, an jiƙa bakin injin cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane mutum. Wanda ya ke da hali, ya sayi nasa injin.

Makero ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an sha magani na makonni bisa umurnin likita. Haka kuma ƙurajen ƙeya da su ka taurare ko su ka yi mugunya, kada a tsaga su, kada a shafa baƙin mai ko ruwan batir. A kai mai su asibiti mafi kusa, ko Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, tun ba su zama tabo ba.

Ana roƙon hakimai su sa sarakunan aska su tara wanzamai da masu inji, malamai su karanta musu wannan takarda, dagatai da masu unguwa kuma su sanar da iyayen yara da malaman tsangaya. Rigakafi ya fi magani.