Kanya: Muna Sara, Ba Mu Shukawa

'Yan'uwa manoma, wa a cikinmu ya taɓa shuka kanya? Mangwaro da gwaiba muna sayensu da kuɗi mu dasa, darbejiya kuwa ta cika garuruwanmu. Amma kanya, wadda kakanninmu suka tarar a bakin rafi da gindin suri, sara kawai muke yi. Katakonta yana da tauri, gara ba ta cinsa da wuri, shi ya sa masassaƙa suke sonta. Tun farin 1973 da na 1984 daji yake ta ja da baya.

Kanya tana nuna da rani, sa'ad da ɗanyen abinci ya yi wuya a jeji. Ba yaranmu kaɗai take ciyarwa ba. Birai da jemagu da tsuntsaye suna ci a sama, gada da dila suna tsintar wadda ta faɗi. Su ne kuma masu shukarta, gama suna haɗiye ƙwallon su kasayar da shi can nesa. In namun daji sun ƙare, mai shuka ya ƙare ke nan, sai dai mu.

Ga yadda za a yi. A tsinci nunannun 'ya'ya, waɗanda suka yi ɗorawa suka bar ɓauri. A wanke ƙwallon, a jiƙa shi kwana ɗaya, a shuka da farkon damina. Gara a sa shi a inda zai zauna, domin saiwarta tana nitsewa ƙasa sosai, ba ta son a tumɓuke ta. Gefen fadama ya fi.

Abin da yawancinmu ba mu lura ba shi ne, kanya akwai mace akwai namiji. Macen ce kaɗai take 'ya'ya, amma sai da namiji kusa, ƙwari su kai mata garin furensa. Ba a gane su sai sun yi fure, saboda haka a shuka biyar ko shida wuri ɗaya. Kada wani ya ɗauki gatari ya ce wannan juya ce.

Ba ta saurin girma, sai an yi haƙuri shekaru. Mun ga ya fi kyau kowace ƙungiya ta keɓe ɗan fili a gonarta ta gayya, ta shinge shi da ƙaya saboda awaki, ta kuma nome ciyawar kewaye kafin a fara sa wa daji wuta.